Sojojin Sadarwa Ne Suka Sayi Jirgin Soja Na Farko a Duniya

Duk mai shirin sayen sabuwar waya ya san abin da ake fara dubawa: ƙarfin batir, ingancin kyamara, girman ma'adana, sannan a zo kan farashi. A ranar 23 ga Disamba 1907 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta fitar da takarda mai irin wannan jerin sharuɗɗa, sai dai na'urar da take nema babu shagon da ke sayar da ita a faɗin duniya. Takardar, wadda aka ba lamba 486, ta ce ana buƙatar inji mai tashi sama da zai ɗauki mutum biyu masu nauyin kusan kilo 160 a haɗe, ya yi gudun kilomita 64 a awa, ya ɗauki man da zai ishe shi tafiyar kilomita 200, kuma a ranar gwaji ya yi awa guda cur a sama bai sauka ba. Akwai ma wani sharaɗi da zai ba mai karatu dariya a yau: dole a iya kwance injin a loda shi a amalanken soja da dawaki ke ja, a kuma sake haɗa shi cikin kimanin awa ɗaya.

Abin lura shi ne ofishin da ya fitar da takardar. Rundunar Sigina ce, wato sashen da ke kula da sadarwar soja: masu kaɗa tuta, masu jan wayar tangaraho, masu haɗa tarho. A idon manyan hafsoshin wancan zamani, jirgin sama na'ura ce ta gani da kai saƙo, ɗan'uwan tabarau mai hangen nesa. Wannan kallon da aka yi masa shi ya sama masa gida tun babu wanda ya yarda da shi, shi ne kuma ya daɗe yana danne shi.

Abin da ke bayan tudu

Tun da aka fara yaƙi a duniya, babbar damuwar kwamanda ita ce sanin abin da ke bayan tudu: abokan gaba nawa ne, ina suka dosa, kuma yaya labarin zai iso kafin ya tsufa. An kafa Rundunar Sigina ne don ɓangaren isar da labarin. Wani likitan soja, Albert Myer, ya ƙirƙiro hanyar aika saƙo da tuta ɗaya, ana kaɗa ta hagu ko dama, kowane jerin kaɗawa yana tsayawa a madadin harafi. A 1860 aka naɗa shi jami'in sigina na farko. Wanda ya san yadda kwamfuta ke sarrafa komai da 0 da 1 zai ga cewa tunanin biyu ba su yi nisa da juna ba.

Ɓangaren gani daga sama kuwa, balan-balan ce ta fara kawo shi. Sojojin Faransa sun ɗaga wata ƙatuwa mai kwando a Yaƙin Fleurus a 1794, na cikin kwandon suna leƙen rundunar Ostiriya. A Amurka, a watan Yunin 1861, farkon yaƙin basasa, Thaddeus Lowe ya tashi kimanin mita 150 a saman birnin Washington da wayar tangaraho a ɗaure da kwandonsa, ya aika wa Shugaba Abraham Lincoln saƙo daga can. Tsarin da jirgi marar matuƙi ke aiki da shi a yau ke nan, sai dai an cire igiyar, an kuma sa kyamara a gurbin mutum.

Shi ya sa da aka tashi neman wanda zai riƙe balan-balan ɗin soja a farkon shekarun 1890, sai aka miƙa wa 'yan Sigina. Sun kai guda ɗaya Kyuba a yaƙin 1898 da Sifaniya. Ta yi rana, don ta hango wata hanya da sojoji suka bi, amma ta kuma tona asiri: Sifaniyawa suka gane cewa duk inda take, sojojin Amurka na ƙarƙashinta, sai suka buɗe wa wurin wuta.

Sashen mutum uku

Ranar 1 ga Agusta 1907 shugaban Rundunar Sigina, Birgediya Janar James Allen, ya ba da umarnin buɗe wani ƙaramin sashe da zai kula da balan-balan, injunan tashi, da duk abin da ya danganci haka. Ma'aikatansa uku ne: Kyaftin Charles Chandler, Kofur Edward Ward, da wani ƙaramin soja, Joseph Barrett. Ba a jima ba Barrett ya tsere daga aikin, ya bar mutum biyu. Daga wannan ofis ne rundunar sojin sama ta Amurka ta yau ke ƙirga asalinta.

A lokacin an kusa shekara huɗu da Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane masu shagon kekuna a garin Dayton, suka tashi da jirginsu a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 ne, nisan mita 37. Zuwa Oktoban 1905 sun inganta shi har Wilbur ya yi kilomita 39 a tashi ɗaya. A wannan shekarar suka rubuta wa gwamnatinsu suna tayin sayarwa, aka mayar musu da amsa mai sanyi kamar ba a karanta wasiƙar ba.

Akwai dalili. A 1898 Ma'aikatar Yaƙi ta ba Samuel Langley, babban masanin kimiyya kuma shugaban cibiyar Smithsonian, dala 50,000 ya ƙera jirgi mai ɗaukar mutum. Sau biyu aka harba shi daga saman wani jirgin ruwa a kogin Potomac, a Oktoba da kuma 8 ga Disamba 1903, sau biyun yana tsunduma ruwa. Jaridu suka yi ta ba'a, 'yan majalisa suka yi ta ƙorafin asarar kuɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. In babban farfesa ya kasa, wa zai saurari masu gyaran keke? Su ma 'yan Wright ba su sauƙaƙa lamarin ba, don sun ƙi nuna jirgin sai an sa hannu a kwangila, saboda tsoron a sace musu fasaha. Gwamnati na cewa a nuna mata kafin ta yi alkawari, su kuma suna cewa a yi alkawari kafin su nuna. Aka shafe fiye da shekara biyu ana wannan ja-in-ja.

Da takarda mai lamba 486 ta fito, masu sharhi da dama sun ce babu mahaluƙin da zai cika sharuɗɗanta. Ashe an tsara ta ne bayan Wilbur ya zauna da jami'an gwamnati ya faɗa musu abin da jirginsu zai iya. An samu masu neman kwangila 41, guda 3 ne suka cika ƙa'ida, kuma 'yan Wright ne kaɗai suka kawo abin da ke tashi. Aka sa hannu a Fabrairun 1908 a kan dala 25,000. Tsarin biyan yana da wayo: kowane mil ɗaya da jirgin ya ƙara a kan gudun mil 40 a awa, za a ƙara kashi 10 cikin ɗari na kuɗin, kowane mil da ya rage, a cire kashi 10, in ya gaza mil 36 kuwa, a ƙi karɓa.

Gwajin Fort Myer

Jirgin da Orville ya kawo barikin Fort Myer, kusa da Washington, a 1908, katako ne da yadi da wayoyin ƙarfe. Fukafukai biyu, ɗaya a saman ɗaya. Inji mai silinda 4 da ƙarfinsa ya kai kimanin doki 30, abin da ƙaramar mota irin Corolla ke ninkawa sau uku ko fiye. Farfela biyu a baya, sarƙa irin ta keke ke juya su. Babu taya, a kan dogo ake ɗora shi, a saki wani ƙaton nauyi daga hasumiya ya ja igiya ya cilla shi gaba. Matuƙi da fasinja suna zaune a bakin fiffiken ƙasa, iska na dukansu, babu gilashi, babu abin ɗaure jiki.

Ranar 9 ga Satumba Orville ya yi fiye da awa ɗaya a sama, ya kuma ɗauki Laftanar Frank Lahm ya zaga da shi. Jama'a suka riƙa tururuwa daga Washington don ganin abin al'ajabi. Ranar 17 ga wata layi ya zo kan Laftanar Thomas Selfridge, matashi ɗan shekara 26. Orville bai saki jiki da shi ba, domin Selfridge na cikin wata ƙungiyar masu gwajin jirage da Alexander Graham Bell, mai ƙirƙirar tarho, ke jagoranta, wato abokan hamayyarsu. Amma yana cikin kwamitin da zai tantance jirgin, ba yadda za a hana shi hawa.

Bayan 'yan zagaye, farfela ɗaya ta tsage. Girgizar ta sa aka daki wayar da ke riƙe da jelar jirgin, jela ta karkace, jirgi ya dungura da ka. Orville ya karye a ƙafa da haƙarƙari, ya yi makonni a asibiti. Selfridge ya fashe a kai, ya rasu a daren. Shi ne mutum na farko a tarihi da ya mutu a haɗarin jirgin sama mai inji.

A nan dole a yaba wa 'yan Sigina. Bayan kunyar Langley, da sun soke kwangilar babu mai ganin laifinsu. Amma sun ga abin da jirgin ya yi kafin haɗarin da idanunsu, sai suka ƙara wa'adi. A Yunin 1909 'yan Wright suka dawo da sabon jirgi. Ranar 27 ga Yuli Orville da Lahm suka yi awa 1 da minti 12 a sama. Ranar 30 ga wata aka yi gwajin gudu, tafiyar kilomita 16 zuwa Alexandria da dawowa, da Laftanar Benjamin Foulois a kujerar fasinja, mutum mai ƙaramin jiki da ya iya karanta taswira. Jirgin ya yi mil 42 da rabi a awa, kimanin kilomita 68. Mil biyun da ya ƙara suka kawo ƙarin dala 5,000, aka biya 30,000. Ranar 2 ga Agusta 1909 aka karɓe shi da sunan Jirgin Rundunar Sigina Mai Lamba 1. Yana nan har yau a gidan tarihin jirage na Smithsonian.

Koyon tuƙi ta wasiƙa

Sayen na'ura daban, iya riƙe ta daban. A Oktoban 1909 Wilbur ya koya wa Lahm da Laftanar Frederic Humphreys tuƙi a College Park, jihar Maryland. Bayan darasin kimanin awa uku kowannensu ya tashi shi kaɗai. A farkon Nuwamba suka yi haɗari da jirgin, ba su ji wani rauni ba, amma ba a daɗe ba aka mayar da su rundunoninsu na asali: Lahm wajen sojan doki, saboda wata doka da ta hana hafsa daɗewa a aikin aro, Humphreys kuma wajen injiniyoyi. Wato soja ya horar da matuƙa biyu, ya kuma ɗauke su duka biyun daga jirgin.

Wanda ya rage shi ne Foulois, wanda bai taɓa tashi ko sauka shi kaɗai ba. Aka tura shi barikin Fort Sam Houston a jihar Texas da gyararren jirgi da 'yan ƙananan sojoji, da umarnin ya ɗebi kayan gyara da yawa ya je ya koya wa kansa. Ranar 2 ga Maris 1910 ya tashi sau huɗu. A rana ɗaya ya yi tashinsa na farko shi kaɗai, saukarsa ta farko, da haɗarinsa na farko.

Yadda ya ci gaba da koyo ya yi kama da na mai koyon gyaran waya ta hanyar tura tambaya a intanet, illa dai amsar kan ɗauki kwanaki, kuma kuskure na iya zama ajali. In ya faɗo, sai ya rubuta wa 'yan Wright wasiƙa ya bayyana abin da ya faru, su aiko da bayanin inda ya kuskure, a gyara jirgi, ya sake gwadawa. Wata rana iska ta kusa wurgo shi daga kujera, sai ya je wajen mai ɗinkin sirdin bariki aka yanko masa maɗaurin fata ya ɗaure kansa. Daga baya shi da mutanensa suka sa wa jirgin tayoyi, aka huta da dogo da hasumiya. Kuɗin gyaran da aka ba shi dala 150 ne. Da suka ƙare ya zuba kusan 300 daga aljihunsa, sauran kuma roƙon maƙeran bariki.

Duk wannan lokacin Majalisar Dokoki ba ta ware wa jiragen soja ko sisi ba. Sai a Maris 1911 ta ba da dala 125,000 a karon farko. Da kuɗin aka sayi sababbin jirage, aka buɗe makaranta a College Park, aka kuma tura wasu matasan hafsoshi Dayton koyon tuƙi. Cikinsu akwai Henry Arnold, wanda daga baya ya jagoranci sojin saman Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ido ya samu, saura baki

Jirgin da ya hango abokan gaba amma sai ya sauka kafin ya ba da labari, rabin aiki ya yi. Wannan ita ce matsalar da ta fi damun 'yan Sigina, kuma a nan ne ƙwarewarsu ta yi amfani. A Janairun 1911, kusa da San Francisco, Laftanar Paul Beck ya aika saƙon rediyo daga jirgi zuwa ƙasa da ƙwanƙwasar Morse. A Nuwamban 1912, a Fort Riley, aka gwada yi wa sojan igwa jagora daga sama: na cikin jirgi ya ga inda harsashi ya faɗa, ya sanar a gyara saiti. An gwada rediyo, an gwada hayaƙi, an gwada jefo kati mai rubutu. Rediyon lokacin nauyi gare shi, ga ƙarar inji da ke hana jin amsa, don haka saƙon kan tafi ne ta hanya ɗaya.

Cikin hafsoshin da suka fi matsa wannan aiki akwai George Squier, mai digirin dakta, wanda ya hau jirgin Orville tun 1908. Shi ne ya ƙirƙiro dabarar tura hira da yawa a kan waya ɗaya a lokaci guda, kowace a nata zangon, tunanin da layukan sadarwa ke amfani da shi har gobe. A 1917, yana shugaban Rundunar Sigina, aka yi nasarar magana da murya tsakanin jirgi da ƙasa.

Makami kuwa an gwada shi, amma kamar wasan yara aka ɗauke shi. A 1910 wani laftanar ya harba bindiga daga jirgi. A 1911 aka jefa bam na gaske a wajen gwaji, Riley Scott kuma ya nuna na'urar saita bam da ya ƙera. Soja bai saya ba, ya tafi Faransa ya ci gasa da ita. Ranar 7 ga Yuni 1912 Kyaftin Chandler ya harba bindiga mai aman harsashi ƙirar Lewis daga sama, ya kuma samu abin da ya saita. Manya a hedikwata suka ce aikin jirgi leƙen asiri ne kawai. Isaac Lewis ya kwashi bindigarsa ya nufi Turai, inda ta zama ɗaya daga cikin manyan makaman jiragen Birtaniya. Laifin tsarin ne: harkar makami ba ta 'yan Sigina ba ce, masu makami kuma ba su ɗauki jirgi a matsayin nasu ba.

Alhali wasu sun riga sun nuna inda aka dosa. A yaƙin Italiya da Daular Usmaniyya a Libiya, Kyaftin Carlo Piazza ya yi shawagin leƙen asiri ranar 23 ga Oktoba 1911, sannan ranar 1 ga Nuwamba Giulio Gavotti ya jefo ƙananan gurneti huɗu da hannunsa. Bam na farko da jirgi ya saki a fagen yaƙi a ƙasar Afirka ya faɗa, kusa da Tarabulus, birnin da fatake suka daɗe suna kai wa fatun Kano. Tsakanin leƙe da jifa kwana 9 ne kacal.

Abin da ya ci rayuka

Soja na sayen jirage daga kamfanoni biyu, Wright da Curtiss, kuma kowanne da salon tuƙinsa. A jirgin Wright da sanduna ake murɗa ƙarshen fukafukai. A na Curtiss akwai sitiyari, sannan matuƙi na karkata kafaɗunsa ne a cikin wani ƙarfe don motsa ƙananan fukafukai. Wanda ya saba da ɗaya, hannunsa kan yi kuskure a ɗayan. Kamar mai Android ne ya koma iPhone, sai dai a nan wanda ya latsa ba daidai ba ƙasa zai sha. Matuƙa suka rabu gida biyu, kowa na kare nasa.

Kamfanonin kansu suna kotu tun 1909 a kan haƙƙin mallakar dabarar karkata jirgi, shari'a mai kama da wadda Apple da Samsung suka yi daga 2011 zuwa 2018. Lokacin da ya kamata a kashe wajen inganta jirgi, lauyoyi suka cinye shi, Turai kuma ta wuce. Wani ƙiyasi da aka yi a kan shekarun 1908 zuwa 1913 ya nuna Jamus ta kashe kimanin dala miliyan 28 a harkar jirage, Amurka kuwa 435,000.

Laftanar George Kelly ya mutu a Fort Sam Houston ranar 10 ga Mayu 1911, kwamandan wurin ya hana tashi gaba ɗaya. A Satumban 1912 Kofur Frank Scott ya zama ƙaramin soja na farko da ya mutu a jirgi. Arnold kansa ya tsallake rijiya da baya a Fort Riley, ya yi shekaru bai sake tuƙi ba. Jirgin Wright samfurin C ya yi ƙaurin suna wajen dungurawa da ka. Jiragen da farfelarsu ke baya suna da wani mugun aibi: in sun faɗo, injin kan danne matuƙi. A Fabrairun 1914 aka dakatar da irinsu duka, aka koma masu inji a gaba. Daga kafa sashen zuwa 1914 an horar da matuƙa 53, an kuma rasa rayuka 13 a haɗurra.

Ranar 18 ga Yuli 1914 Majalisa ta yi dokar da ta ba harkar jirage matsayi na dindindin a cikin Rundunar Sigina, da gurbin hafsoshi 60 da ƙananan sojoji 260, da ƙarin albashi ga masu tashi. Dokar ta ce laftanar marar aure, wanda bai kai shekara 30 ba, shi kaɗai za a ɗauka koyo. Sharaɗin rashin auren ya isa ya nuna abin da 'yan majalisar ke tsammani. Kwana 10 bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Turai.

Jarrabawar Meziko

Ranar 9 ga Maris 1916 mayaƙan Pancho Villa suka tsallako daga Meziko suka kai hari garin Columbus da ke kan iyaka. Aka tura Janar John Pershing ya bi su, aka haɗa masa da rukunin jirage na farko, wanda aka kafa a 1913, ƙarƙashin Foulois. Jirage 8 ne ƙirar Curtiss JN-3, masu injin doki 90, babu rediyo.

Tun tashin farko zuwa cikin Meziko, ranar 19 ga Maris, aka ga alama. Sun tashi da yamma, dare ya riske su, babu fitila, babu taswirar kirki. Ɗaya ya juya saboda inji, wasu suka sauka a hanya, wasu suka ɓace, ɗaya ya ragargaje. Sai kuma duwatsun Sierra Madre masu tsayin mita 3,000 zuwa sama, waɗanda jiragen suka kasa haurawa. Zafi da bushewar iska suka riƙa ɓanɓare farfelu, domin katako ne da aka manne falle-falle. A birnin Chihuahua, ranar 7 ga Afrilu, aka kama Foulois aka tsare, jama'ar gari kuma suka ƙona fukafukan jirage da taba sigari suka yayyanka yadin da wuƙa. Kafin ƙarshen watan jirage 2 suka rage, su ma aka yanke cewa ba su da sauran amfani.

Ba su kama Villa ba. Babban aikin da suka yi shi ne kai wasiƙu da umarni tsakanin Pershing da rundunoninsa da suka warwatsu a daji, inda waya ba ta kai ba, rediyo kuma ba abin dogaro ba ne. Aikin sadarwa dai, kamar yadda aka tsara tun farko.

Rabuwa

Da Amurka ta shiga yaƙin Turai ranar 6 ga Afrilu 1917, ƙasar da aka ƙirƙiri jirgin sama a cikinta ba ta da ko guda ɗaya da zai iya fuskantar na Jamus. A watan Yuli Majalisa ta ware dala miliyan 640 a tashi ɗaya, aka kuma sa kamfanoni suka haɗa haƙƙoƙin mallakarsu wuri guda don a daina shari'a a kama aiki. Sashen da ya fara da mutum uku ya wayi gari yana kula da masana'antu, filayen horo, dubban sojoji masu saran itacen ƙera fukafukai, har da noman zurma, wato cika-gida, don man da wasu injuna ke sha. Kaya ya fi ƙarfin mai ɗauka. Aka yi alkawarin jirage dubbai, aka kasa cikawa a kan lokaci, bincike ya biyo baya, matuƙan Amurka kuma suka yi yawancin yaƙinsu a jiragen Faransa irin su Nieuport da SPAD.

Ranar 20 ga Mayu 1918 Shugaba Woodrow Wilson ya cire harkar jirage daga hannun Rundunar Sigina. Ta ci gaba da canza suna da matsayi a ƙarƙashin sojin ƙasa, a 1926 da 1941, har ranar 18 ga Satumba 1947 ta zama runduna mai cin gashin kanta. Su kuma 'yan Sigina suka koma kan rediyo. A Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka yi odar ƙaramar oba-oba ta hannu daga kamfanin Galvin, wanda daga baya ya koma Motorola, kamfanin da ya yi kiran farko da wayar hannu a 1973.

Cikin abubuwan da watannin ƙarshe na zamanin Sigina suka bari, wanda ya fi yin nisa shi ne inji mai suna Liberty. Injiniyoyi biyu, Jesse Vincent da Elbert Hall, suka zana shi cikin 'yan kwanaki a wani otal a Washington a 1917: silinda 12, ƙarfin doki 400. Kamfanonin mota irin su Packard, Ford da Lincoln suka ƙera fiye da 13,000 kafin a tsagaita wuta. Birtaniya ta ɗora shi a jirginta ƙirar DH.9A, ta yi ta aiki da shi shekaru bayan yaƙi. Ranar 27 ga Oktoba 1925 irin waɗannan jirage guda 3 suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka bi ta Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Suna cikin jiragen sama na farko da aka taɓa gani a Najeriya, kuma ƙarar da Kanawa suka ji a ranar ta injin Liberty ce.